Mako 25 da suka kai kamfanin fim kotu: nazarin rikicin kwantiragin wata jarumar Hollywood

Wannan nazari ya shafi wata jarumar fina-finan Amurka da tauraronta ya haska daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1940. Sunanta Olivia de Havilland, amma jarumar kawai za mu riƙa ce mata. Matsalarta ita ce kwantiragin shekara bakwai da ya ƙi ƙarewa bayan shekara bakwai ɗin sun cika.

Asali da shiga harkar fim, 1916 zuwa 1936

An haife ta a Tokyo ranar 1 ga Yuli 1916, iyayenta 'yan Ingila ne. Tana ƙarama mahaifiyarta ta koma da ita da ƙanwarta jihar Kalifoniya, suka tashi a garin Saratoga. A 1934 darakta Max Reinhardt ya sa ta a wasan daɓen da ya shirya a Hollywood Bowl, wani dandalin wasanni a Los Angeles, kuma da kamfanin Warner Bros. ya ɗauki nauyin mayar da wasan fim, sai aka tafi da ita. A watan Nuwamba na shekarar ta sa hannu a kwantiraginta na farko a kan dala 200 a mako, tana da shekara 18.

Ƙarshen 1935 aka haɗa ta da jarumi Errol Flynn a wani fim na 'yan fashin teku, fim ɗin ya yi kasuwa. Kamfanin ya ga ya tsinci dami a kala, sai ya sake mata sabon kwantiragi ranar 14 ga Afrilu 1936, albashi ya fara daga dala 500 a mako. Aiki a ƙarƙashinsa ya soma ranar 5 ga Mayu 1936. Wannan ranar ce daga baya shari'ar duka ta rataya a kanta.

Abin da kwantiragin ya ƙunsa

Ana ce masa na shekara bakwai, amma ba haka aka rubuta shi ba. A takarda, kwantiragin mako 52 ne, tare da zaɓin sabuntawa har sau shida, kowanne mako 52. Zaɓin na kamfani ne shi kaɗai. Idan jaruma ta daina kawo kuɗi, kamfani ya ƙi sabuntawa, shi ke nan an rabu. Idan tana kawowa, ba ta da bakin cewa ta gaji. Wato ita an ɗaure ta shekara bakwai, shi kuwa kamfani shekara ɗaya ɗaya yake ɗaure kansa.

A irin waɗannan kwantiragi na manyan kamfanoni, yawanci mako 40 ake lamunce biya a shekara, sauran 12 kamfani na iya ajiye ɗan wasa ba ko sisi. Kamfani ne ke zaɓar fim, shi ke zaɓar rawar da za a taka, shi ke cewa sunan wa zai zo a sama a fosta. Yana kuma iya ba wani kamfani aron ɗan wasa a kan kuɗi mai tsoka, ya biya ɗan wasan albashinsa na kullum, ya soke ragowar a aljihu.

Sai sharaɗin dakatarwa, wanda shi ne tushen rikicin. Idan jaruma ta ƙi rawar da aka ba ta, abu uku ke faruwa lokaci guda. Albashi ya tsaya. Ba ta da damar yi wa kowa aiki, ko fim ko wasan daɓe. Sannan kwanakin da ta yi a dakace, waɗanda galibi ake aunawa da tsawon lokacin da wadda ta maye gurbinta ta ɗauka tana aikin, a ɗora su a ƙarshen kwantiragi. Rashin lafiya ma yana iya jawo irin wannan ƙari. Saboda haka duk ƙin aikin da ta yi, ta biya sau biyu ke nan: ta rasa kuɗi yau, ta kuma ƙara wa kanta kwanakin zama gobe. Babu wani layi a takardar da ya ce ga iyakar ƙarin.

Abin da wasu suka gwada a 1936

A shekarar da ta sa hannu, manyan 'yan wasan kamfanin biyu sun yi yunƙurin kuɓuta, kuma sakamakon nasu shi ne abin da kowane lauya a Hollywood ke dubawa.

Bette Davis ta tsallake zuwa Ingila don ta yi wa wani furodusa fim a can. Kamfanin ya bi ta har kotun Landan. A watan Oktoba 1936 alƙali ya hana ta yi wa kowa fim in ba Warner ba, na tsawon shekara uku ko abin da ya rage a kwantiragin, duk wanda ya fi gajarta. Ta faɗi ne saboda ita ce ta saɓa alkawari a tsakiyar wa'adi, kuma a gaban kotun da dokar ƙwadago ta Kalifoniya ba ita ce abin dubawa ba. Ta koma bakin aiki da bashin lauyoyi a wuya.

James Cagney shi ya yi nasara a kotun Kalifoniya, amma bisa hujjar cewa kamfani ne ya saɓa wani sharaɗi na yadda za a rubuta sunansa a talla. Nasarar ta kwance shi kaɗai, ba ta taɓa sharaɗin dakatarwa ba. Ya yi fim biyu da wani ƙaramin kamfani, daga bisani ya koma Warner.

Inda takalmin ya fara matse ta, 1936 zuwa 1939

Kamfanin ya yanke shawarar abin da ta dace da shi: kyakkyawar budurwa mai kunya da jarumi zai ceto. Fim takwas ta yi tare da Flynn, galibi tana masoyiyarsa, tsakanin 1935 da 1941, har da na Robin Hood na 1938, ban da tarin fina-finan barkwanci marasa nauyi. Manyan labaran mata a kamfanin na Bette Davis ne. Jack Warner, shugaban ɗaukar fina-finai, bai ga dalilin canza abin da ke kawo kuɗi ba.

Ga jaruma mace wannan ba ƙaramar barazana ba ce. Rawar budurwa tana da wa'adi, da zarar an doshi shekara 30 akwai sabbin fuskoki a layi. Wadda ba ta nuna tana iya ɗaukar labari mai nauyi kafin lokacin ba, ranar da kamfani ya ƙi sabunta mata ba ta da abin da za ta kai wani wuri.

Matakin farko: lallashi da neman aro, 1939 zuwa 1941

Lokacin da furodusa David O. Selznick ke shirya fim ɗin Gone with the Wind, ta nemi a ba shi aronta don ta fito a matsayin Melanie. Jack Warner ya ƙi. Sai ta bi ta hannun matarsa Ann, ita ta shawo kansa. Fim ɗin ya fita a Disamba 1939, aka sa sunanta cikin masu takarar lambar Oscar ta mataimakiyar jaruma, Hattie McDaniel ta ci.

Ta yi zaton ganin haka kamfaninta zai canza mata. Da ta gama aikin Selznick ta koma, sai aka ba ta rawar baiwar fada a wani fim na Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, sunanta na uku, ƙasa da Davis da Flynn. A 1941 ta sake samun aro, wannan karon a kamfanin Paramount, aka kuma sa ta a takarar Oscar, ta babbar jaruma, ƙanwarta, wadda ita ma jaruma ce, ta doke ta. Takara biyu ke nan, dukansu a fina-finan da aka yi a wajen kamfaninta.

Wannan hanya ta ba ta suna, amma ba ta canza komai a takarda ba. Kowane aro alfarma ce da za a iya hanawa gobe, kuma darajar da ta samo a waje kamfani ne ya ci ribarta, domin kuɗin aronta ya ƙaru, albashinta kuwa yana bin jadawalin 1936.

Mataki na biyu: ƙin aiki, 1940 zuwa 1943

Daga farkon 1940 ta fara mayar da labaran da take ganin ba su kai ba. Kowane karo kamfani ya dakatar da ita, ya ba wata. A kamfanin da ke da jarumai mata da yawa a albashi, cike gurbi aikin kwana ɗaya ne, don haka ƙin nata bai tsayar da ko fim ɗaya ba. Ya tsare ta daga wasu fina-finan banza, wannan gaskiya ne. Amma kwanakin suna taruwa, kuma jimillar dakatarwar da aka yi mata a tsawon kwantiragin ta kai wajen mako 25.

Shekara bakwai cif ta cika a farkon Mayu 1943. Ta ci gaba da aiki har 13 ga Agusta 1943, ta gama fim ɗin da aka ba da aronta a kamfanin RKO. Nan kamfani ya sanar da ita cewa da sauran mako 25 a kanta, kusan wata shida.

Wani zai ce wata shida ba ya kashe mutum, ta daure ta gama mana. Lissafin bai tsaya nan ba. A cikin wata shidan ma kamfani na iya kawo mata labarin da ya san za ta ƙi, ya dakatar da ita, ya sake ɗora kwanaki. Ranar fita tana matsawa ne duk lokacin da ta ce a'a, kamar mai bin inuwarsa da hantsi. Hanyar gamawa ɗaya ce, ta karɓi duk abin da aka miƙo mata.

Mataki na uku: ƙara a kotu, Agusta 1943

Lauya Martin Gang ne ya nuna mata sashe na 2855 na dokar ƙwadago ta Kalifoniya. Tsohuwar doka ce. Tun 1872 jihar ta hana a tilasta wa mutum kwantiragin aikin ƙashin kansa fiye da shekara biyu. A 1919 aka mayar da shi biyar, a 1931 aka kai bakwai, sannan a 1937 aka shigar da sashen cikin kundin dokar ƙwadago. Abin da ya ce shi ne ba a tilasta irin wannan kwantiragi a kan ma'aikaci bayan shekara bakwai daga ranar fara aiki. Lauyoyin kamfanoni sun daɗe suna fassara shi da shekara bakwai na aikin da aka yi a zahiri, kuma ba wanda ya taɓa kai wannan fassara gaban kotun ɗaukaka ƙara.

Ranar 23 ga Agusta 1943 aka shigar da ƙara a babbar kotun gundumar Los Angeles. Yadda aka tsara ƙarar yana da muhimmanci. Ba ta nemi diyya ba. Ba ta ce kamfani ya zalunce ta wajen zaɓen rawa ba, ba ta kuma musanta cewa takardar da ta sa wa hannu ta ba da damar dakatarwa ba. Ta nemi kotu ta fayyace abu ɗaya ne: shin za a iya tilasta mata wannan kwantiragi bayan 5 ga Mayu 1943?

Kamfani ya kawo hujja biyu. Ta farko, shekarun doka shekarun aiki ne, makonnin da ta zauna a gida ba sa cikin lissafi. Ta biyu, ko da dokar ta ba ta kariya, ta yafe ta da kanta, domin ta amince da sharaɗin ƙari a rubuce, ta kuma ci gaba da aiki da karɓar albashi bayan kowace dakatarwa. A zaman kotu na watan Nuwamba lauyoyin kamfani sun so su nuna ta a matsayin yarinya mai taurin kai da ke ƙin aiki don ganin dama. Amsarta ba ta wuce cewa ta ƙi rawar ne don tana ganin za ta cutar da sana'arta ba.

Zaman jira, 1943 zuwa 1945

Kamfani ya aika wa sauran kamfanonin fim wasiƙa cewa har yanzu ma'aikaciyarsa ce, duk wanda ya ɗauke ta ya shirya shari'a. Ba wanda ya ɗauke ta. A watan Maris 1944 alƙali Charles Burnell ya ba ta gaskiya, amma kamfani ya ɗaukaka ƙara nan take, ƙofofin suka ci gaba da zama a rufe.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Ta riƙa fitowa a wasannin rediyo, ta kuma shiga rangadin gaishe da sojoji a asibitocin soja, har tsibiran Aleutian da kudancin tekun Pasifik. A Fiji ciwon huhu ya kwantar da ita. Kuɗin lauyoyi ya kai kimanin dala 13,000 daga aljihunta, ga ba albashi. A shekarar 1945 ko sabon fim ɗaya nata bai fita ba, tana tsakiyar ganiyarta, a sana'ar da 'yan kallo ba su da wuyar mantuwa.

Hukunci, 8 ga Disamba 1944

Kotun ɗaukaka ƙara ta gunduma ta biyu ta tabbatar da hukuncin, Mai shari'a Clement Shinn ne ya rubuta shi. Kan hujja ta farko, kotu ta ce shekara a dokar shekarar kalanda ce, da majalisa na nufin shekarun aiki da ta rubuta haka. Ta kuma lura cewa fassarar kamfani za ta sa wa'adin ya zama ba shi da ƙarshen da za a iya sani, alhali manufar sashen ita ce kafa iyaka.

Hujja ta biyu ce ta fi haɗari ga jarumar, domin ba ta musanta sa hannunta ba. Kotu ta koma ga sashe na 3513 na dokar farar hula ta jihar, wanda ya bambanta doka iri biyu: wadda aka yi don amfanin mutum shi kaɗai, yana iya yafe ta, da wadda aka kafa don maslahar jama'a, wadda yarjejeniyar mutum biyu ba ta rushe ta. Kotu ta sa iyakar shekara bakwai a kashi na biyu. Dalilinta shi ne ma'aikaci yana ƙara ƙwarewa da shekaru, yanayin rayuwarsa yana canzawa, don haka dole a samu lokacin da zai iya sauya ubangida ya sayar da basirarsa a farashin da ta kai. In da za a iya yafe wannan kariya da sa hannu, kowane mai ɗaukar aiki zai sa layin yafewa a takardarsa, dokar ta zama ado.

Kamfani ya nemi kotun ƙoli ta Kalifoniya ta saurari maganar, a farkon 1945 ta ƙi. Shari'a ta ƙare.

Bayan hukunci, 1945 zuwa gaba

Ta koma gaban kyamara a 1945 da yarjejeniyar fina-finai ƙididdigaggu da Paramount, ba ta shekaru ba. Yanzu tana karanta labari kafin ta amsa, tana kuma da baki a zaɓen darakta. A fim ɗin To Each His Own ita ta nemi darakta Mitchell Leisen, wanda ya ba da umarnin fim ɗinta na 1941, ta fito a matsayin uwar da ta rabu da ɗanta yana jariri, labarin ya bi ta daga ƙuruciya zuwa manyanta. Ya ba ta Oscar ta farko. Fina-finanta huɗu suka fita a 1946, ɗaya daga ciki tsohon aikin Warner ne da aka ɗauka tun kafin shari'a aka ajiye. A 1948 ta fito a matsayin majinyaciya a asibitin masu taɓin hankali, aka sake sa ta a takara. Fim ɗin The Heiress na 1949 ya kawo mata Oscar ta biyu.

A shekarun 1950 ta koma Paris da zama. A 1965 ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan bikin fina-finai na Cannes. Ta rasu a Paris ranar 26 ga Yuli 2020 tana da shekara 104. Har yau lauyoyin harkar nishaɗi da sunanta suke kiran wannan hukunci.

Me ya sa wannan ya yi, waɗancan ba su yi ba

Lallashi da aro sun dogara ne da yardar mutum ɗaya, ƙin aiki kuwa kwantiragin ya riga ya tanadar masa hukunci da ke amfanar kamfani. Dukansu motsi ne a cikin takardar da kamfani ya rubuta. Ƙarar ce kaɗai ta kawo abin da ke sama da takardar.

Amma shiga kotu kaɗai bai isa ba, Davis ma ta shiga. Bambancin yana wajen lokaci, wuri da faɗin tambaya. Jarumar ta jira shekara bakwai ta cika kafin ta motsa, don haka ba a iya kiranta mai saɓa alkawari ba. Da ta kai ƙara a 1940 ko 1941, lokacin da ranta ya fi ɓaci, sashe na 2855 ba zai yi mata komai ba. Ta tsaya a Kalifoniya, inda dokar take. Sannan lauyanta ya ƙi barin shari'ar ta koma muhawara kan ko labaran da ta ƙi suna da kyau, domin a wannan fage takarda ta ba kamfani cikakken iko kuma da ta faɗi. Ya tsayar da ita kan ƙidayar kwanaki daga 5 ga Mayu 1936, abin da ba ya buƙatar alƙali ya san komai game da fim.

Akwai abu na huɗu da ba a cika faɗa ba, wato ƙarfin jure zama. Ta yi asarar fiye da shekara ɗaya da rabi don ta kauce wa wata shida. Ƙaramin ɗan wasa mai iyali, wanda ba shi da ajiya ba shi da takarar Oscar biyu a bayansa, ba zai kai watan Maris 1944 ba, balle Disamba. A ganinmu wannan ne ya sa sashen ya yi shekara 12 da wa'adin bakwai ba wanda ya gwada shi, ba don lauyoyi ba su san da shi ba.

Bai kamata kuma a ɗora wa hukuncin abin da bai yi ba. Bai haramta dakatarwa ba, bai ba ɗan wasa ikon zaɓen rawa ba, bai taɓa zaɓin sabuntawa mai gefe ɗaya ba. Ya cire wa dakatarwa haƙori ɗaya ne, wato ƙarin kwanaki bayan shekara bakwai. Amma da wannan haƙorin kamfanoni ke riƙe manyan taurari, kuma hukuncin ya zo daidai lokacin da 'yan wasan da suka tafi yaƙi ke shirin dawowa, waɗanda kamfanoni za su so su ɗora musu shekarun da suka yi a soja. Rushewar tsarin kamfanonin gaba ɗaya ta fi alaƙa da hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1948, wanda ya kai ga raba su da gidajen sinimarsu, da kuma shigowar talabijin.

Kariyar ma ba ta tsaya yadda take ba. A 1987 kamfanonin waƙa suka sa majalisar Kalifoniya ta yi wa sashen gyara. Mawaƙi na iya fita bayan shekara bakwai idan ya ba da sanarwa a rubuce, amma kamfani na da damar kai shi kotu neman diyyar kundin waƙoƙin da bai kawo ba. 'Yan fim ba su shiga wannan gyara ba, nasu lissafin yana nan a kan kalanda.